Darasinmu Na Lissafi: Yadda Ake Gano Tsawo Da Faɗin Wuri Daga Girmansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 

Darasinmu na yau lissafi ne. Na san da jin haka wata za ta ce, "Haba Malama, ni da na ajiye boko tun kafin auren fari, me ya haɗa ni da lissafi?" To 'yar uwa ki dakata tukuna. Ke ce kike kasafta kuɗin cefane har ya kai ƙarshen wata. Ke ce kike riƙe da adashen mata ashirin, kin san wadda ta zuba da wadda ta ɗauka ba tare da kin duba takarda ba. Wadda ta iya wannan, abin da za mu koya yau ba zai gagare ta ba in sha Allahu.

Dalili biyu ne suka sa na zaɓo wannan darasi. Na farko, yaranmu da ke babbar sakandare suna haɗuwa da wani lissafi da suke kira kwadiratik, kuma yana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Kin kuwa san yaron da bai ci lissafi ba, shiga jami'a kan yi masa wuya. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne haƙƙi. Mu nan Fagge mun san yadda ƙasa ta yi daraja. Kasuwar Kantin Kwari tana ta cin gidajen da ke maƙwabtaka da ita, ana mayar da su shaguna da sito. A irin wannan wuri ƙafa ɗaya ta fili kuɗi ce, kuma sau da yawa in an zo awo mace tana daga cikin ɗaki, sai dai a zo a gaya mata abin da aka yanke. Babu laifi ta san yadda za ta bincika da kanta.

Ki ɗauko takarda da biro, da almakashi in akwai, mu fara.

Mu fara da awo

Duk wuri mai kusurwa huɗu, ɗaki ne ko fili ko zanin gado, yana da tsawo da faɗi. Daga su ake fitar da abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai kewaye, wato in kika zagaya wurin da igiya, tsawon igiyar da ya ci. Akwai kuma girma, wato yawan abin da cikin wurin zai ɗauka. Larabawa suna ce masa misaha.

Don abin ya zauna miki, ki ƙaddara tayil mai ƙafa ɗaya a kowane gefe. Girman wurin da wannan tayil ya rufe shi ake kira murabba'in ƙafa ɗaya. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10 zai ci layi 10 na tayil, kowane layi guda 12. Ke nan 12 sau 10, tayil 120. Ƙa'idar ke nan: tsawo sau faɗi shi ne girma.

Ga inda ake cutar wanda bai sani ba. Fuloti da aka saba da shi ƙafa 50 ne da 100, girmansa murabba'in ƙafa 5,000. Rabinsa shi ne 50 da 50, wato 2,500. Amma in aka raba tsawon biyu aka kuma raba faɗin biyu, aka ba ki 25 da 50, to 1,250 kika samu, rubu'in fuloti ke nan ba rabi ba. Mai sayen fili, musamman a unguwannin awon igiya, ta riƙe wannan da kyau. Haka nan yadi ɗaya ƙafa 3 ne, amma murabba'in yadi ɗaya murabba'in ƙafa 9 ne, don 3 sau 3 ne. Masu sayar da tayil kuma da murabba'in mita suke lissafi, kowane ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa 11.

Wannan duk mai sauƙi ne, domin an ba ki tsawo da faɗi an ce ki nemo girma. Darasin yau juyin wannan ne. An ba ki girman wurin, an gaya miki wata alaƙa tsakanin tsawon da faɗin, an ce ki nemo su. A nan ne kwadiratik yake shigowa.

Ilimin nan ba baƙonmu ba ne

Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun warware irin waɗannan tambayoyi a kan allunan yumɓu kusan shekara 4,000 da suka wuce. Amma wanda ya tsara abin ya zama fanni mai ƙa'ida shi ne Muhammad bin Musa Alkawarizmi, malamin da ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Wajen shekara ta 820 Miladiyya ya rubuta littafinsa kan hisabin jabru da muƙabala. An fassara littafin zuwa Latin a 1145, kuma daga kalmar "aljabru" Turawa suka samo sunan darasin aljabara da ake koya wa yaranmu. Ita kalmar jabru a Larabci tana nufin gyara abin da ya karye, irin ɗorin ƙashi.

Shi malamin ya bayyana cewa ya rubuta littafin ne don buƙatun jama'a na yau da kullum, kamar rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa. Babban kaso na littafin ma a kan mas'alolin wasiyya da gado yake. A ƙasarmu ta Hausa kuwa an yi Malam Muhammadu bin Muhammad Alkatsinawi, masanin hisabi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka in kin ga ɗanki yana fama da x, ki gaya masa gadon gidansu ne.

Alkawarizmi bai yi amfani da haruffa ba, da zance ya rubuta komai. Lambar da ake nema yakan kira ta "shai'u", wato abu. In an yi abun sau kansa sai ya kira shi "mal", wato dukiya. Mu yau muna rubuta x a madadin abun, x² kuma a madadin x sau x. Duk lissafin da x² ya fito a cikinsa, ba wanda ya fi shi girman daraja, shi ne kwadiratik. Dalilin da ya sa yake bin awon wuri a fili yake: tsawo da faɗi ake bugawa da juna, in kuwa x yana cikin kowannensu dole x sau x ya fito.

Abu na ƙarshe kafin misali shi ne tushe. Tushen lamba shi ne lambar da in aka yi ta sau kanta za ta ba da waccan. Tushen 25 shi ne 5, tushen 100 shi ne 10. Yana da kyau a haddace waɗannan kamar yadda muke haddar karatu: 11 na ba da 121, 12 na ba da 144, 13 na ba da 169, 14 na ba da 196, 15 na ba da 225, 20 na ba da 400, 25 na ba da 625.

Misali na farko: falon amarya

Za ki aurar da 'yarki, kina son ki je Sabon Gari ki yanko ledar ɗaki. Ba a ba ki awon falon ba. Abin da dangin ango suka faɗa shi ne falon ya ci tayil 160 masu ƙafa ɗaya-ɗaya, kuma tsawonsa ya fi faɗinsa da ƙafa 6. Mene ne tsawo da faɗinsa?

Mataki na farko, ki sa wa abin da ba ki sani ba suna. Faɗi shi ne x. Tunda tsawo ya fi shi da 6, tsawo shi ne x + 6.

Mataki na biyu, ki mayar da zancen lissafi. Tsawo sau faɗi shi ne 160. Ke nan x sau (x + 6) = 160. In aka buɗe shi:

x² + 6x = 160

Mataki na uku, warwarewa. A nan za mu yi aiki irin na tela. Ki zana falon a takarda. Ki ja layi ki raba shi biyu: ɓangare ɗaya murabba'i ne mai x a kowane gefe, ɗayan kuma ƙyalle ne mai faɗin 6 da tsawon x. Yanzu ki tsaga ƙyallen nan gida biyu daidai, kowanne mai faɗin 3. Ki bar ɗaya a gefen gabas na murabba'in, ki ɗauke ɗayan ki liƙa shi a gefen kudu. Me kika gani? Siffar ta kusa zama babban murabba'i, sai dai akwai giɓi a kusurwa ɗaya, mai 3 da 3, wato tayil 9.

Ba mu ƙara komai ba, ba mu rage ba, har yanzu tayil 160 ne a hannunmu. In muka ranto tayil 9 muka cike giɓin, mun sami cikakken murabba'i mai tayil 169. Tushen 169 shi ne 13. Ke nan gefen babban murabba'in 13 ne. Gefen nan kuwa x ne da ƙarin 3. Ki ɗebe 3 daga 13, saura 10.

Faɗin falo ƙafa 10 ne, tsawonsa ƙafa 16.

Mataki na huɗu, gwaji. 10 sau 16 ya ba da 160, kuma 16 ya fi 10 da 6. Shi ke nan, lissafi ya fita.

Wannan dabara ita ake kira cike murabba'i, kuma da irin wannan zane Alkawarizmi ya kafa hujjarsa. Ga ta a taƙaice don hadda: ki raba lambar da ke tare da x biyu, ki yi rabin sau kansa, ki tara a kan girman wurin, ki nemo tushe, ki ɗebe rabin nan.

Ba kullum tushe ke fita cif ba. Da tayil 170 falon ya ci, da 179 za mu samu, tushensa kuwa 13.38 ne da ɗan kusantarwa. Kalkuletar da ke cikin wayarki za ta ba ki shi. Faɗin zai zama ƙafa 10.38, wato ƙafa 10 da inci 4 da rabi.

Misali na biyu: tumunin takaba

Wannan shi ne zuciyar darasin, ki natsu da kyau.

A ƙaddara wani bawan Allah ya rasu ya bar gida mai ƙafa 60 da 80, girmansa murabba'in ƙafa 4,800. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa duka sun riga shi rasuwa. An yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya daga sauran dukiyarsa. Kamar yadda muka karanta a Suratun Nisa'i, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, ɗaya bisa takwas. 4,800 a raba 8 ya ba da 600. Saura 4,200 na 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Maza 2 kaso 4, mata 3 kaso 3, jimla kaso 7. Kowace 'ya mace 600, kowane namiji 1,200.

Ɗakin uwargida, ciki da falo, yana kusurwar gidan, faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa 22. Girmansa 12 sau 22, wato 264. Magada suka yarda ta zauna a ɗakinta, a ƙara mata fili ta gaban ɗakin da ta gefensa, ƙarin ya zama daidai wa daida ta ɓangarorin biyu, har rabonta ya cika 600. Ƙafa nawa za a matsar da iyaka?

Abin da ya rage a cika mata shi ne 600 a ɗebe 264, wato 336. Ƙarin da za a yi mu kira shi x. Ki zana ki gani, filin da za a ƙara gida uku ne: ƙyalle ɗaya a jikin tsawon ɗakin, girmansa 22 sau x, ƙyalle na biyu a jikin faɗin, 12 sau x, sai ɗan murabba'in da ke kusurwa inda ƙyallayen suka haɗu, x sau x. In aka tara:

x² + 34x = 336

Sai mu bi ƙa'idarmu. Rabin 34 shi ne 17. 17 sau 17 ya ba da 289. A tara da 336, ya zama 625. Tushen 625 shi ne 25. A ɗebe 17, saura 8.

Za a matsar da iyaka ƙafa 8 ta kowane ɓangare. Gwaji: faɗi ya zama 20, tsawo ya zama 30, 20 sau 30 kuwa 600 ne cif.

Yanzu dubi abin da zai faru in mai awo ya manta da wannan kusurwa. Zai ce 336 a raba 34 ya kusa 10, a ba ta ƙafa 10 kawai a wuce wurin. Sai rabonta ya zama 22 da 32, wato 704. An ƙara mata 104 daga haƙƙin 'ya'ya, abin da ya fi ɗaki guda mai ƙafa 10 da 10. In akwai ƙanana a cikinsu, dukiyar marayu ce ta shiga hannunta ba ta sani ba. In kuma aka yi mata ƙwauro aka ce ƙafa 6 ta isa, 18 sau 28 ya ba da 504, an tauye mata 96. Kin ga bambancin ƙafa biyu kacal a igiya, amma dubi abin da ya haifar a ƙasa. Mun kuma san irin kashedin da ya zo a hadisi kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci.

Sai dai a lura. Rabon gida a aikace ba awon ƙafa kaɗai ba ne. Gefen da ke kallon titi ya fi na lungu daraja, gini ma yana da nasa kuɗin, shi ya sa galibi ake yi wa gida ƙima da kuɗi kafin a raba. Wannan aikin alƙali ne da malaman da suka san fara'il. A misalinmu mun ɗauka magada sun yarda ƙasar darajarta ɗaya, ginin kuma an yi masa lissafi daban. Abin da darasin zai ba ki shi ne, in an ce rabonki kaza ne, ki iya duba ko abin da aka auna ya yi daidai da abin da aka faɗa, ki yi tambaya cikin ladabi tun kafin a ɗora bulo.

Misali na uku: in amsa ta zo biyu

Tsakar gidanki ƙafa 20 ne da 14. Da damina taɓo yana damunki. Kina da ragowar tayil 120, kina so a shimfiɗa su a zagaye jikin bango, faɗin shimfiɗar ya zama ɗaya ko'ina, a bar tsakiya da ƙasa don ruwa ya riƙa tsumewa, ki dasa zogalenki. Faɗin ƙafa nawa tayil ɗin zai isa?

Faɗin shimfiɗa shi ne x. Dogayen bango biyu, kowanne 20 sau x, sun ba da 40x. Gajeru biyu, kowanne 14 sau x, sun ba da 28x. Jimla 68x. Amma kusurwoyi huɗu an ƙirga kowacce sau biyu, don kowace kusurwa tana jikin bango biyu. Dole a ɗebe x² guda huɗu:

68x − 4x² = 120

A raba komai da 4 don sauƙi: 17x − x² = 30. Lissafi kamar sikeli yake, abin da kika ɗora a hannu ɗaya sai ki ɗora irinsa a ɗayan. Mu ƙara x² a kowane ɓangare don a ɗora wancan da aka karya:

x² + 30 = 17x

Wannan ɗori da muka yi shi ne ainihin abin da ake kira jabru.

A irin wannan siffa, inda lamba take tare da x², ƙa'idar ta ɗan sauya. Rabin 17 shi ne 8.5. A yi shi sau kansa, 72.25. A wannan karo ɗebe 30 za a yi, saura 42.25. Tushensa 6.5. Sai ki ɗebe shi daga rabin, ki kuma tara shi da rabin: 8.5 a ɗebe 6.5 ya ba da 2, 8.5 a tara 6.5 ya ba da 15. Akwai gajeriyar hanya ma: ki nemi lambobi biyu da in an tara su za su ba da 17, in an buga su da juna su ba da 30. Su ne dai 2 da 15.

To wacce za a ɗauka? A nan hankali ne zai yi hukunci. Tsakar gidan gaba ɗaya faɗinsa ƙafa 14 ne, ina za a sa shimfiɗa mai ƙafa 15 ta kowane gefe? Amsa ita ce ƙafa 2. Gwaji: tsakiya zai rage 16 da 10, wato 160. Tsakar gida duka 280 ne. 280 a ɗebe 160 ya ba da 120, daidai tayil ɗinki.

Yara da yawa a nan suke zubar da maki. Sukan rubuta amsa biyun su tashi, ba su koma sun karanta tambayar ba.

Misali na huɗu: in abu ba zai yiwu ba

Kina da wayar raga mai tsawon ƙafa 36, kina so a kewaye wa kajinki wuri mai murabba'in ƙafa 80. Kewaye ya ƙunshi tsawo biyu da faɗi biyu, ke nan tsawo ɗaya da faɗi ɗaya 18 ne. In faɗi x ne, tsawo 18 − x ne. A buga su, a yi ɗori, sai a sami:

x² + 80 = 18x

Rabin 18 shi ne 9, 9 sau 9 kuwa 81. A ɗebe 80, saura 1, tushensa 1. Amsa 8 ko 10. A nan duka biyun daidai ne, domin wuri ɗaya suke nufi: faɗi 8, tsawo 10.

Da 90 kike so fa? Sai a ce a ɗebe 90 daga 81, ba zai ɗebu ba. Lissafi yana gaya miki wayar ba za ta isa ba, kowa ya ce miki zai yi, to bai auna ba. Iyakar abin da waya mai ƙafa 36 za ta kewaye a kusurwa huɗu shi ne 81, in an yi shi 9 da 9. Amma ga wata dabara: ki jingina akurkin da katangar gida, katanga ta zama gefe ɗaya. Ƙafa 9 ta nan, 9 ta can, 18 a gaba, waya 36 ɗin dai, amma girman wurin 162. Ya ninka ba ki ƙara ko kwabo ba.

Abin da za ki gani a littafin yaro

A makaranta sukan kwashe komai su mayar ɓangare ɗaya, ɗayan ya zama sifili, kamar haka: ax² + bx + c = 0. Sannan a ba su wannan ƙa'ida su haddace:

x = [−b ± √(b² − 4ac)] ÷ 2a

Kada ta ba ki tsoro. Cike murabba'in nan ne da muka yi da almakashi, aka dunƙule shi a layi ɗaya. Alamar √ tana nufin tushe, alamar ± kuma tana nufin a tara sau ɗaya, a ɗebe sau ɗaya. Mu gwada da falon amarya: x² + 6x − 160 = 0. A nan a = 1, b = 6, c = −160. b² shi ne 36. 4ac shi ne −640, ɗebe shi kuwa daidai yake da tara 640, sai a sami 676. Tushen 676 shi ne 26. In an tara: 26 a ɗebe 6, a raba 2, ya ba da 10. In an ɗebe: −16. Babu ɗakin da faɗinsa ya gaza sifili, don haka a jefar da −16, a riƙe 10. Amsarmu ta ɗazu ce.

In yaro ya kawo miki aikin gida irin wannan, ko ba ki riƙe biro ba ki yi masa tambayoyi biyar. Ka zana hoton? Mene ne x ɗinka? Awon duka iri ɗaya ne, ko an haɗa mita da santimita? A amsa biyun wacce ta dace da tambayar? Ka gwada ka ga ta dawo da girman da aka bayar? Wallahi yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi daga bakin mahaifiyarsa, zai riƙa yi wa kansa su a ɗakin jarrabawa.

Aikin gida

1. Wani shago a Kantin Kwari girmansa murabba'in ƙafa 96, tsawonsa ya fi faɗinsa da ƙafa 4. Nemo tsawo da faɗin.

2. Ajin Islamiyya ƙafa 15 ne da 25. Ɗalibai sun yi yawa, ana so a faɗaɗa shi ta tsawo da ta faɗi da awo ɗaya, har girmansa ya kai 600. Ƙafa nawa za a ƙara?

3. Kina da yadi mai ƙafa 4 da 6, kina so ki ɗinka masa baki mai faɗi ɗaya a duk gefe huɗu, ya zama zanin gado mai murabba'in ƙafa 48. Mene ne faɗin bakin? Ki tuna ƙarin ta gefe biyu yake shiga tsawo, ta gefe biyu yake shiga faɗi.

Ki zauna da yaranki bayan sallar Isha'i ku yi tare, kowa da takardarsa. Ba sai kin jira ni na duba miki ba, ki buga tsawo da faɗin da kika samu, in ya dawo da girman da aka bayar to kin ci. Duk da haka za mu kawo cikakkiyar warwara a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Shugabannin ajin manyan mata kuma, ina roƙon ku karanta wannan darasi ga 'yan uwanmu da ba su iya karatun boko ba, ku yanka takarda ku nuna musu yadda ake cike kusurwa, za ku sha mamakin saurin ganewarsu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya shirya mana zuriya, Ya ba yaranmu nasara a jarrabawarsu ta duniya da ta lahira, amin.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.